Me ɗalibanmu ke yi da lissafin damman hatsinku?

Jama'a masu saurarenmu na Sabon Gari, Tibiri da Jiratawa, da ƴan uwa mazauna waje, sau da yawa kukan ga matasa da takarda da biro suna tambayar dami nawa kuka samu bana. To, ina lissafin nan yake zuwa?

Mu ɗauki misali. An shuka iri biyu na hatsi, kowane a gona 20. Iri na farko ya ɗan fi yawan damma. Shin irin ne ya fi kyau, ko kuwa gonakinsa ne suka dace da ruwa da taki, ko murzuna ce ta ci na biyun? Ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Irin tambayar da masu bincike na cibiyar INRAN ta Maradi da ɗaliban aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke fama da ita ke nan.

A nan ne manhajar R take shigowa. Malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, kuma cikakken zubinta na farko ya fito a shekarar 2000. Kyauta ce, in an sauke ta a kwamfuta tana aiki ko babu intanet. Ɗalibi zai shigar da alƙaluma, ya rubuta mata umarni layi-layi: haɗa wannan, kwatanta wancan, zana hoto. Sai ta nuna masa ko bambancin ya isa a dogara da shi, ko dai sa'a ce kawai. Umarnin kuma yana nan a ajiye, malaminsa zai iya sake bi ya gano in da kuskure.

Amma fa kwamfuta ba ta san gonarka ba. Abin da aka ba ta, shi take taunawa. In ka samu dami 40 ka ce 15 don sa ran taimako, iri mai kyau zai fito a matsayin marar kyau, baɗi kuma a ba ƙauyenku shawarar da ba ta dace ba.

Ku kuma ƴan uwa na waje, in ƙaninku ɗalibi ya roƙi kwamfuta, ko ta hannu ce, ku duba masa. Wannan karatu da yawan gwadawa ake iya shi, kuma allon salula ya yi masa kaɗan.

Allah ya ba mu damina mai albarka.