Fitilar taya da ta ƙi mutuwa: ba kullum ba ne ƙaryar kwamfuta

Da yawa daga cikin motocin da aka sauke a Kwatano, suka biyo ta Gaya zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, suna da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kama da kofaton doki. Mun sha ganin direbobi sun liƙe ta da salatif don kada ta dame su. Wannan ganganci ne, musamman ga mai lodin buhuna cikin zafin watan Afrilu, domin tayar da iskarta ta yi kasa ita ce ke ɗaukar zafi har ta fashe.

Amurka ta wajabta wannan na'ura a kan sababbin ƙananan motoci tun 2007, bayan haɗurran tayoyin Firestone, Turai kuwa a 2014. A motocin Amurka fitilar takan kama ne idan iskar ta ragu da kashi 25 cikin 100.

Abin lura shi ne yadda take kamawa. In ta tsaya cak, to wata taya ce ke neman iska. A auna da geji da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, amma masu faci da dama shi suke bi. A duba har safaya, don wasu motocin Toyota suna da na'urar a cikinta. Sanyin hunturu ma yakan rage iska da asuba.

In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, laifin na na'urar ne. Tana maƙale da bawul a cikin taya, batirinta kuma shekara 5 zuwa 10 yake yi, ga shi motocinmu sukan iso da shekarunsu. Wani lokaci ƙarfen mai faci ne ya karya ta wajen cire taya.

Mai sayen sabuwa ya fara sanin asalin motarsa, don yawancin na Amurka suna aiki da zango 315, na Turai 433, ɗaya ba ta jin ɗaya. Bayan an ɗaura, sai bakanike mai kwamfuta ya haɗa ta da motar.