Asalin Kalma da Fahimtar Shari'a da Mulki

Ni ba Bahaushe ba ne, Yarbanci na tashi da shi. A gidanmu idan aka ce za a yi wa yaro "seria", to horo ake nufi. Da na fara karatun Hausa, wata rana na ji an ce "Ministan Shari'a" a labaran rediyo, sai na ɗauka minista ne na hukuncin addini. Malaminmu ne ya warware mini, ya ce ai ministan da ke kula da harkokin kotuna da dokokin ƙasa ake nufi. Wannan ya sa na ga ya dace in ɗan yi tsokaci a kan wasu kalmomi.

Kalmar shari'a daga Larabci take, kuma asalin ma'anarta hanyar zuwa mashayar ruwa. Bahaushe ya faɗaɗa ta, ta yadda duk ƙarar da ake saurara a gaban alƙali shari'a ce, ko a wace kotu. Idan dokar addini yake nufi, yakan ce shari'ar Musulunci. Bayarabe kuwa ya ari kalmar ya taƙaita ta ga horo. Saboda haka, lokacin da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Bahaushe da Bayarabe za su iya jin kalma ɗaya a rediyo, amma kowa da hoton da zai zo masa a zuciya. Mai fassarar da bai san wannan ba yana iya hura wuta bai sani ba.

Haka nan kalmomin suna nuna tarihin hukuma. Alƙali da hukunci da hakimi daga Larabci aka aro su, ta hanyar Musulunci. Kotu da lauya da joji da sammaci kuwa daga Ingilishi suke, sun shigo bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Wato wanda ya ce "alƙali ya aiko da sammaci" ya haɗa zamani biyu a jimla ɗaya.

Wani abin lura shi ne, mulki da mallaka tushensu ɗaya a Larabci. Shi ya sa "mulkin mallaka" ya dace da zamanin Turawa ƙwarai. Amma a mulkin farar hula akwai haɗari idan mai riƙe da mulki ya ɗauka cewa mallakar jama'a ya yi, alhali kuwa zaɓensa aka yi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa asalin kalma shi ne ma'anarta ta yau. Ba wanda yake zuwa kotu ɗiban ruwa. Asali yana haska mana hanyar da kalma ta biyo ne, amma masu magana su ke yanke ma'ana.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu burin aikin tafinta a kotu, da mu riƙa bin diddigin kalma kafin mu fassara ta, domin kuskuren tafinta na iya danne haƙƙin wani. Haƙƙi da alhaki ma tushensu ɗaya, kuma Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.