GIDA NE MAKARANTAR FARKO

Kowace shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo aji ɗaya, malamai sukan lura da wani abu tun a makon farko. Akwai yaron da ba ya tsoron ɗaga hannu ya yi tambaya, akwai kuma wanda ya san amsa sarai amma bakinsa ya yi nauyi. Sau da yawa akan ce wannan yana da ƙwaƙwalwa, wancan ba shi da ita. Amma wani ɓangare na wannan bambanci ya samo asali ne tun daga gida, tun yaran suna goye.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ranar da aka haifi jariri, ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babban mutum ba, amma kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. A waɗannan shekaru yaro yana hannun iyayensa ne, ba na malami ba. Kowa ya san yana bukatar abinci da lafiya. Abu na uku da akan manta shi ne hira, wato a yi masa magana, a saurare shi, a kuma ba shi amsa.

Koyon Harshe

Ana haihuwar jariri da kunnen da zai iya rarrabe sautuka na harsuna iri-iri. A shekarar 1984 wasu masana a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 daga gidajen masu jin Turanci suna iya rarrabe wasu sautukan harshen Hindi na ƙasar Indiya. Amma da sun kai wata 10 zuwa 12, yawancinsu sun daina. Kunnensu ya riga ya karkata ga harshen da suke ji a gida. Shi ya sa ɗan Bahaushe ba ya wahalar bambanta "kafa" da "ƙafa", alhali baƙon da ya koyi Hausa da girmansa yakan daɗe yana fama da su.

To, shin kowace irin murya ce take koya wa jariri? A shekarar 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta gwada wannan da jarirai 'yan wata 9. Wasu an zaunar da su sau 12 tare da mutum yana yi musu wasa da magana cikin Sinanci. Wasu kuma an nuna musu irin wannan darasi a talabijin, ko an kunna musu muryar kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan Sinanci. Na talabijin da na murya kuwa ba su fi waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Ke nan rediyo da talabijin da wayar hannu ba za su maye gurbin uwa ko uba ba. A shekarar 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba a gaban allon kallo.

Buɗe Basira

Wani zai ce ai wannan sai masu hali. Abin da ya faru a Kingston, babban birnin ƙasar Jamaika, ya nuna ba haka ba ne. A shekarar 1986 wata likita, Sally Grantham-McGregor, ta soma bincike a kan yara 129 na gidajen talakawa, 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin isasshen abinci ya tsumburar da su. An raba su gida huɗu. Wasu an ba su madara, wasu an riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya, wasu sun sami duka biyun, wasu kuma ba su sami ko ɗaya ba.

Ma'aikaciyar takan zo sau ɗaya a mako, ta yi awa ɗaya, har tsawon shekara 2. Aikinta shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yabe shi idan ya yi ƙoƙari. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran nan. Rahoton da aka buga a shekarar 2014 ya nuna cewa waɗanda aka ziyarci gidajensu suna samun kuɗin da ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Madara ita kaɗai ba ta kawo wannan bambanci mai ɗorewa ba. Abin da ya canza rayuwarsu shi ne abin da iyayensu mata suka koya suka ci gaba da yi.

Zama da Mutane

Jariri yana jiran amsa tun kafin ya iya furta kalma ɗaya. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sa'an nan ta ɗaure fuska na 'yan mintoci, ba murmushi ba magana. Nan da nan jaririn ya shiga murmushi da gwaranci da miƙa hannu don ya jawo hankalinta. Da ya ga ba amsa, sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Daga irin wannan musayar ce yaro yake koyon cewa magana bi da bi ake yin ta, kuma akwai wanda ya damu da shi.

Idan ya ƙara wayo, sai ya koma kwaikwayo. Yadda uba yake gaida maƙwabci, da yadda uwa take riƙe fushinta, duk yana gani. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da Muke da Shi a Gida

Ba sai mun yi aro daga nesa ba. Tatsuniya tana koya wa yaro saurare da bin labari daki-daki. Kacici-kacici yana wasa masa basira. Wasan jika da kaka yana sake masa baki. Har a gidajen da ake kunyar ɗan fari, kakanni da gwaggo da inna sukan cike gurbin, sai dai a tabbata akwai mai yin hira da yaron kullum.

Inda muke bukatar gyara shi ne wajen tambaya. Yaron da kullum ake ce masa "rufe mana baki" zai iso aji da rufaffen baki. Ladabi da tambaya ba abokan gaba ba ne. Ana iya koya masa ya jira babba ya gama magana, sa'an nan a amsa masa. Haka kuma reno ba aikin mata kaɗai ba ne. Uban da ya dawo daga gona ko kasuwa ya tambayi ɗansa abin da ya gani yau, ya yi masa babban alheri.

Wannan ba yana nufin a ɗora wa iyaye laifin kome ba. Gado da lafiya da makaranta duk suna da nasu rabo, kuma ƙwaƙwalwa ba ta daina koyo. Amma abin da aka shuka da wuri ya fi saurin kama ƙasa.

A ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, mu ne iyayen gobe, kuma yau ma yayye ne a gidajenmu. Idan muka koma hutu, mu zauna da ƙannenmu, mu yi musu tatsuniya, mu ƙirga tsakuwa tare. Idan ƙaramin ya ce "Yaya, mene ne wannan?" kada mu kore shi. Amsar da muka ba shi darasi ce da ba a biya mata kuɗin makaranta.