Tsanin Jirgi Ya Fi Zurfin Teku Wuya

Yayana ne, ɗan baffana. Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara uku, tun daga lokacin ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba, sai Allah ya mayar masa da ƙarfin a damatsa da kafaɗu. Shekarun baya wata hidima ta kai mu Masar tare, muka gangara Hurghada a gaɓar Bahar Maliya, ya kafe a kan shi fa ba zai koma gida ba sai ya ga abin da ke ƙarƙashin ruwan nan da idonsa. Na buga waya wata cibiyar nutso. Duk abin da na tambaya, amsar mutumin guda ce: "Mafish mushkila", wato babu matsala. Bai tambaye ni me ya sami ƙafar ba, bai tambayi nauyinsa ba, bai ma tambaya ko ya iya iyo ba.

Da safe muka tarar da matakala takwas kafin bakin ruwa, bayansu kuma rairayi mai laushi da ya haɗiye tayar keken. Samari biyu, da kyakkyawar niyya, suka cafke shi ta hammata za su ɗaga. Ya daka musu tsawa suka sake shi. Na sunkuya na ce, "Yaya, ko mu haƙura?" Ya ce, "Ƙanena, kafaɗar nan ita ce ƙafata. In suka gurɗe mini ita, da me zan koma gida?" Ranar ko yatsa bai tsoma a ruwa ba.

Abin da na fahimta tun daga wannan safiya shi ne, mai naƙasa da ke son nutso da tukunyar iska ba a cikin teku wahalarsa take ba. Tana tsakanin ƙofar ɗakin otal da fuskar ruwa: matakala, rairayi, katakon hawa jirgi, ƙofar banɗaki, sai kuma tsanin da ake hawowa bayan an fito. Da wannan ɗan taƙin ya kamata a auna kowace cibiya da kowane gari, kafin a kalli hotunan murjani da kifaye masu launi da suke bazawa a intanet.

Sana'ar nutso kanta tana da tsohuwar dangantaka da raunin jiki. Jacques Cousteau, Bafaranshen da ya ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa tare da injiniya Émile Gagnan a 1943, haɗarin mota ne ya karya masa hannu biyu a 1936, ya riƙa iyo a Bahar Rum domin hannayen su dawo, daga nan teku ta shiga ransa. Dalilin a fili yake. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, mutumin da ba ya iya tsayawa a ƙasa sai ga shi yana hawa da sauka, yana juyawa duk inda ya so da numfashinsa da tafin hannunsa. A 2012 wata mai fasaha 'yar Ingila, Sue Austin, ta shiga Bahar Maliya a kan keken guragu da aka gyara musamman, duniya ta ga hotunanta tana shawagi a tsakanin murjani. Kurame kuwa sun fi kowa morewa, domin a can ƙasa kowa bebe ne, su kuma da yarensu na hannu suke sauka. Makaho yana riƙe da hannun abokin nutsonsa, ana sanar da shi zurfi da ragowar iska ta hanyar matsa masa yatsu yadda suka tsara tun a tudu.

Koyar da naƙasassu nutso yana da ƙungiyoyinsa da takardun shaidarsa. Jim Gatacre ya kafa HSA a Kalifoniya ta Amurka a 1981. IAHD ta biyo baya a Holan a 1993, Jim Elliott ya kafa Diveheart a jihar Illinois a 2001, sannan PADI, wadda ta fi kowace ƙungiya yawan cibiyoyi, ta fito da kwas na musamman ga malamanta a 2017. Tsarin HSA ya fi burge ni, saboda bai damu da sunan ciwo ba, abin da mutum zai iya yi a cikin ruwa yake dubawa. Wanda zai iya kula da kansa har ya ceci abokinsa yana matakin A, abokin nutso ɗaya ya ishe shi. Wanda zai iya kula da kansa amma ba zai iya ceton wani ba yana matakin B, sai da abokai biyu, domin in ɗayansu ya shiga matsala a sami mai taimakonsa. Matakin C ma abokai biyu ne, amma dole ɗayansu ya kasance ya yi horon ceto. Saboda haka tambayar farko ga kowace cibiya ita ce: wane malami ne zai shiga ruwa da ni, takardar wace ƙungiya gare shi, kuma yana nan a makon da zan zo? Sau da yawa tambarin yana nan manne a bango, malamin da ya kawo shi kuwa ya daɗe da barin aiki. A Masar akwai hukumar CDWS da ke sa ido a kan cibiyoyin nutso, kuma tana da jerin masu lasisi da kowa zai iya dubawa.

Amma takarda kaɗai ba ta wadatar. Alamar da na fi yarda da ita ita ce yawan tambayar da cibiya za ta yi maka. A wajenmu kalma ɗaya ce, gurgu, ta lulluɓe jikuna iri-iri. Wanda shan inna ya kama ƙafarsa ba ta motsi, amma yana jin zafi da taɓi sarai, sai dai ba ta jure sanyi. Wanda lakarsa ta tsinke a haɗarin mota yana iya rasa motsi da ji gaba ɗaya: murjani zai yanke masa diddige, ko ƙarfen jirgi da rana ta gasa ya ƙone masa cinya, bai sani ba sai an ga jini ko bororo, kuma irin wannan miki kan ɗauki makonni bai warke ba. Dole a sa masa takalmin roba da doguwar riga, a shimfiɗa masa katifa inda zai zauna, a duba fatarsa bayan kowace fita. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya kuma matsalarsa daidaito ce, jikinsa zai riƙa karkata gefe guda har sai an raba masa dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu yadda ta dace da shi. Malamin da bai san wannan bambanci ba, ko da ya shekara ashirin yana nutso, bai shirya karɓar mai naƙasa ba.

Akwai abu guda da ya kamata duk mai ciwon laka ya jarraba cibiya da shi. Idan raunin yana daga ƙashin baya na shida a ƙirji zuwa sama, abin da likitoci ke kira T6, ƙaramin abu kamar cikar mafitsara, lanƙwashewar robar fitsari ko matsewar ɗamara yana iya sa jini ya hau nan take, da matsanancin ciwon kai da gumi da jan fuska. Agajin farko shi ne a zaunar da mutum tsaye, a sassauta duk abin da ya matse shi, a nemo abin da ya tayar da ciwon a kawar. Wanda bai sani ba kwantar da shi zai yi, ya ƙara dagula lamarin. Irin waɗannan mutane kuma jikinsu ba ya daidaita zafi da sanyi yadda ya kamata, alhali ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. A arewacin Bahar Maliya ɗumin ruwa kan sauka zuwa digiri 21 ko 22 a watan Fabrairu, ya hau zuwa 28 a Agusta, lokacin da zafin tudu kan kai digiri 40. Mutum yana zaune cikin rigar roba a rana yana jiran a gama shirya wasu, zafi ne zai fara kayar da shi. Shi ya sa watannin Mayu da Oktoba suka fi sauƙi, kuma jirgin da ba shi da rumfa ba na hawa ba ne.

Sai batun matsin ruwa. Kowace mita 10 da aka sauka tana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar duniya guda, sinadarin naitirojin yana narkewa cikin jini, idan kuma aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe bayan an girgiza. Alamun wannan ciwo su ne ciwon gaɓoɓi, mutuwar jiki da kasala a hannu ko ƙafa. To, yaya za a gane su a jikin wanda dama ƙafarsa ba ta ji? Hanyar ita ce likita ya rubuta masa tun daga gida iyakar inda yake ji da inda yake motsawa, ya riƙe takardar, domin duk wani sabon canji a kama shi da wuri. Haka nan a tambaya ko akwai iskar oksijin a cikin jirgi, da nisan ɗakin matsin iska mafi kusa, wanda a cikinsa ake maganin ciwon. Sharmul Shaikh tana da nata, wanda aka buɗe a 1993 ƙarƙashin Dakta Adel Taher, Dahab da yankin Hurghada ma suna da nasu. Ƙungiyar DAN, da aka kafa a 1980, tana ba da shawarar kada a hau jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso guda, ko awa 18 idan an yi da yawa. Mai farfaɗiya kuwa likitocin nutso ba sa ba shi izini, kuma cibiyar da ta ce za ta kau da kai a kan haka ba ƙaunarsa take yi ba.

Ga mai tashi daga Kano ko Yamai, Masar ce ta fi shiri. A unguwar Na'ama Bay ta Sharmul Shaikh, otal ɗin Camel Dive Club ya yi suna da ɗakunan da keke ke shiga da wurin iyo na koyo a cikin gida. Kusa da Ƙusair, ƙungiyar Deptherapy ta Birtaniya ta riƙa kai tsofaffin sojojin da suka rasa gaɓoɓi sansanin Roots, inda murjani yake daf da gaɓa. Wuraren da suka fi shahara kuwa su ne suka fi buƙatar haƙuri. Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941 da babura da motoci a cikinsa, yana kwance a zurfin kusan mita 30 inda ruwa ke ja da ƙarfi, alhali takardar mai koyo ta farko iyakarta mita 18. Shuɗin Rami na Dahab ya kai mita 100, bakinsa duwatsu ne, kuma ya ci rayukan ƙwararru da dama.

Raina ya fi karkata ga gaɓar Sudan, inda kakanninmu mahajjata suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, wasunsu suka zauna har jikokinsu suna Bur Sudan a yau. A Sha'ab Rumi ne Cousteau ya gina ƙauyensa na ƙarƙashin ruwa a 1963, ga jirgin Italiya Umbria da ya nutse a 1940, ga Sanganeb da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2016. Sai dai yawancin nutson can daga jiragen kwana ake yi, masu ɗakuna a ƙasa da matsattsiyar matakala, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. A yanzu ba zan tura mai keke can ba. Tsibirin Bonaire a yankin Karibiyan yana da ruwa mai ɗumi da kwanciya a gefensa na yamma, da wuraren shiga daga gaɓa fiye da 50 da aka yi wa alama da duwatsu masu ruwan ɗorawa, amma da yawansu tsakuwar murjani ce da keke ba ya ratsawa, ga nisa ga tsada.

Ko ina aka zaɓa, kada a yarda da kalmar "muna karɓar naƙasassu" ita kaɗai. A ce su auna faɗin ƙofar banɗaki da awo su turo, su ɗauki bidiyon hanya daga mota har cikin jirgi, su faɗi yadda ake fito da mutum daga ruwa: kujera mai inji ce, ko shimfiɗar ɗagawa, ko dandamali mai daidai da fuskar ruwa? Mutum nawa za su ɗaga, kuma an koya musu? A tambayi kuɗin ƙarin abokin nutso tun kafin a biya, a kuma karanta inshora da kyau, domin da yawa ba sa ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi.

Kwana biyu bayan waccan safiya muka sami wata cibiyar. Malamar da ta karɓe mu ta shafe kusan awa guda tana tambayar Yaya, ta tura mu wurin likita, sannan ta durƙusa daidai tsayin kekensa ta ce ya nuna wa yaran jirgi yadda yake so a ɗaga shi. Ya nuna musu: ɗaya ta bayansa ya rungumo ƙirji, ɗaya ya tallafo gwiwoyi, kada kowa ya taɓa hammata. A wurin iyo aka fara. Ƙafafunsa marasa nauyi suka riƙa tasowa sama cikin rigar roba, kansa yana yin ƙasa. Ta haɗe su da ɗamara mai laushi, ta ɗaura 'yar dalma a idon sawu, ta ba shi safar hannu mai fata tsakanin yatsu irin ta ƙafar agwagwa. Da aka koma teku sai da ta ƙara masa dalma, domin gishirin Bahar Maliya ya kai giram 40 a lita, na sauran tekuna kuwa 35, ruwan ya fi ɗaga mutum.

Ina daga sama da gilashi a fuska ina kallonsu a zurfin mita shida. Ta saki hannunsa. Ya buɗe damatsan nan da suka shekara arba'in suna tura keke a lungunan Kano, ya ja ruwa sau ɗaya, sai da ta buga ƙafa da sauri kafin ta cim masa.