Ƙaba Ɓaraka Ce, Maganinta Ɗinki

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Shuwarin gab da faɗuwar damina ya san yadda ake jibge buhunan taki a bakin rumfuna, manoman Kiyawa da Dutse da ƙauyukan Jahun suna ciniki, 'yan dako suna saɓawa a kafaɗa suna kai wa mota. Buhun taki riga biyu gare shi: saƙaƙƙen buhu a waje, farar leda a ciki. In an sha jifa da shi daga kan mota zuwa ƙasa, sai ka ga saƙar ta buɗe a wani wuri, galibi kusa da ɗinkin gindi. Takin bai zube ba tukuna, domin leda ta riƙe shi, amma ledar ta leƙo ta cikin ɓarakar ta yi ƙululu kamar ƙwan zabuwa. Ka danna da babban yatsa, ta koma. Ka kwantar da buhun, ta lafa. Ka tsayar da shi ka ɗora masa wani a kai, ta sake fitowa, har ta ɗara ta ɗazu.

Wanda ya gane wannan buhun ya gane ƙaba. Cikin ɗan Adam ma haka Allah ya tsara shi. Tsokar ciki ita ce saƙar waje, a bayanta akwai wani tantani mai santsi da ya lulluɓe hanji, shi ne ledar. Idan tsoka ta yi rauni a wani wuri, tantanin nan sai ya leƙo, hanji ko kitsen ciki ya biyo shi, fata ta rufe su a sama. Shi ne kumburin da mutum ke gani in ya miƙe, ko ya yi tari, ko ya ɗauki kaya, ya ɓace in ya kwanta rigingine. Ƙugin da wasu ke ji a ciki, har ake cewa ƙabarsu mai kukan kwaɗi ce, ba kwaɗo ba ne kuma ba sammu ba ne, hanji ne ke aikinsa a inda ba mazauninsa ba.

Buhu bai cika ɓarkewa a tsakiyar saƙa ba, ɗinki yake nema. Jiki ma yana da nasa ɗinkin. Babba shi ne gefen mara, inda 'ya'yan maraina suka bi suka sauko daga ciki kafin a haifi ɗa namiji. Hanyar takan rufe, amma wurin ya riga ya zama gado mai rauni har tsufa. Shi ya sa kusan kashi 75 cikin 100 na ƙabar jikin ciki a nan take fitowa, kuma likitoci sun ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, mata kuwa kusan 3 cikin 100. In aka bar ta tana sauka har cikin jakar maraina, sai a ce mutum ya yi gwaiwa. A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware. Gwaiwa iri biyu ce a bakin mutane: akwai wadda hanji ne ya sauko, akwai wadda ruwa ne ya taru. Ta ruwa ba ta komawa in an kwanta, kuma a ƙasarmu wani lokaci tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke kawo ta, wadda dai ke kawo tundurmi. Likita ne zai bambance su, sau da yawa da hannu kawai.

Ɗinki na biyu cibiya. Yara da yawa a gidajenmu suna tasowa da cibi, kuma mafi yawansu yakan rufe da kansa kafin shekara 4 zuwa 5. Ɗaura wa jariri kwabo ko tsumma a kai ba ya ƙara masa komai sai ƙaiƙayi da gyambo. Amma cibin da ya wuce shekarun nan bai rufe ba, ko wanda ya fito wa babba, musamman matar da ta yi haihuwa da yawa, wannan na asibiti ne. Haka kumburin gefen marar jariri, wanda ke fitowa in yana kuka, ya fi yawa ga bakwaini: shi ba irin cibi ba ne, ba ya rufewa da kansa, kuma ba a jira da shi.

Akwai kuma ƙabar da ke fitowa a gindin cinya, ƙasa kaɗan da mara, ta fi kama mata, ƙarama ce kamar ɗan goro amma ta fi kowace haɗari. Akwai ta saman cibiya, tsakaninta da ƙahon zuci, wadda yawanci kitse ne ya leƙo. Akwai ta tsohon faci, wato wadda ke fitowa a kan tabon aikin da aka taɓa yi wa mutum, kamar matan da aka ciro wa jariri ta ciki. Sannan akwai wadda ba a gani da ido, inda saman tumbi ke turawa sama zuwa ƙirji ta ƙofar da maƙoshi ya ratsa, mai ita ya yi ta fama da ƙwannafi bayan cin abinci ko in ya kwanta. Ita kaɗai ce a cikinsu ake yawan lallaɓawa da magani, da rage cika ciki da daddare, da ɗaga kai wajen kwanciya.

Mutane kan ɗora laifin duka a kan ɗaukar kaya. Gaskiya ne nauyi yana tura ta waje, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Raunin yana nan tun farko, ko tsufa ya kawo shi, sannan abubuwan da ke matsa ciki kullum su ƙarasa aikin: tsohon tari na masu shan sigari da masu tarin fuka, yunƙurin bayan gida mai tauri, nishin dattijon da fitsari ke yi wa gardama, ciki bayan ciki ba hutu, da ƙiba. Ga manomin da ke huɗa da shanu, da ɗan dako, da mai fasa dutse a gefen duwatsun Dutse, da mai jan guga a rijiya mai zurfi, duk wannan aikin yau da gobe ne.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, manomin gero da riɗi a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Shekara bakwai yana ɗauke da tasa. Mun gane ne daga wata ɗabi'a: in tari ya taso masa, sai ya zura hannu aljihun riga ya dafe gefen mararsa, ya kau da kai kamar yana kallon gona. Wandunansa suka koma masu faɗi. Duk motar mai magani da ta tsaya a kasuwa da lasifika tana kiran ƙaba da basir da sanyin mara, kawu ya saya. Ya sha jiƙo, ya sha tsimi, ya sha garin saiwa a kunu. Ranar da na yi ƙarfin hali na same shi a zaure na ce, "Kawu, a daure a je asibiti a duba abin nan," sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, rabu da ni. Iska ce, in na kwanta komawa take. Ni da girmana zan je in kwance wando gaban yaran nan?"

Ba wanda ya taɓa ganin mai taki ya ɗura wa buhu jiƙo don ya rufe ɓaraka. Basilla da zare yake nema. Babu abin sha, na gargajiya ko na kemis, da ke haɗe tsokar da ta buɗe. Ɗamarar da wasu ke ɗaurawa tana danne kumburi na ɗan lokaci, ƙofar kuwa tana nan. Mafi muni shi ne a kai wa kumburin tsaga ko sakiya a zaton ruwa ne ko mugunya, domin abin da ke bayan fatar nan hanji ne.

Haɗarin ƙaba kuwa, duk mai kiwon awaki ya san shi. Akuya takan zura kai ta ƙofar danga ta ci ganyen maƙwabta, ta zaro ta koma. In ƙofar babba ce, shiga da fita ba wuya. In ƙarama ce, wata rana ƙaho zai maƙale, ta ja ta kasa, tana ja wuya na kumbura, yana kumbura danga na ƙara shaƙe ta. Haka hanji ke yi. Ya fita ya kasa komawa, bakin ƙofar ya matse jijiyoyin jininsa, cikin sa'o'i kamar shida yana iya fara mutuwa. Shi ya sa ƙaramar ƙaba mai matsatsen baki, irin ta gindin cinya, ta fi ƙatuwar gwaiwa saurin kisa. Alamun ba su da wuyar ganewa: kumburin da ya saba komawa ya ƙi, ya yi tauri, ba ya taɓuwa don zafi, ciki na murɗawa, ga amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska, wani lokaci da zazzaɓi ko fatar wurin ta sauya launi. In aka ga haka, cibi ya zama ƙari. Ba a jira gari ya waye, ba a danna shi da ƙarfi, ba a ba mutum abinci ko ruwa, a nemi mota kawai.

Shi kawu, da kaka wannan haɗarin ya same shi, bayan ya yini yana loda dammunan gero a amalanke. Sai da aka kwana aka yini ana shafe-shafe kafin a yarda a ɗauke shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da aka yanke hanji kusan taƙi guda, ya yi mako biyu a gadon asibiti, aka sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa. Maƙwabcinsa da ya tsorata da abin da ya gani, ya kai kansa bayan sallah da ƙafarsa, aka yi masa aiki da safe, washegari yana gida yana shan kunu a ƙofar ɗakinsa. Ciwo ɗaya, ɗinki ɗaya, bambancin kawai lokacin da aka kai buhun wurin maɗinki.

Aikin ƙaba yana cikin waɗanda aka fi yi a duniya, fiye da miliyan 20 a shekara. Tun 1887 wani likitan Italiya, Edoardo Bassini, ya bayyana yadda ake mai da hanji ciki a ɗinke tsokar gefen mara. Sai dai duk maɗinkin buhu ya san in ka jawo bakin tsohuwar saƙa ka haɗe da ƙarfi, gefen ɗinkin ne zai sake yagewa, gara a shimfiɗa ƙyalle a yi faci. Wannan dabarar ce Irving Lichtenstein ya yaɗa daga Amurka a shekarun 1980: a shimfiɗa wata raga ta roba a kan raunin, nama ya tsiro ya cika idanunta, su zama abu ɗaya. Da ita dawowar ƙaba ta ragu ƙwarai. Da tsadar ragar ta hana talaka, likitocin karkara a Indiya suka gwada yadin gidan sauro wanda ba a sa wa maganin ƙwari ba, suka dafa shi a na'urar kashe ƙwayoyin cuta. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji a Uganda a kan maza kusan 300, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin ragar mai araha da mai tsada. Wannan aikin likita ne a ɗakin tiyata, ba gidan sauron da ke rataye a ɗakinka ba.

Ba lallai a sa mutum barci ba. Sau da yawa allurar kashe wurin ko ta gadon baya ta isa, mutum yana jin hirar ma'aikata har a gama, yawanci cikin sa'a guda. Ba kuma sai an tafi Kano ba: akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da Babban Asibitin Dutse, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Tsoron da maza ke ɓoyewa, wai aikin yana kashe mazakuta ko hana haihuwa, ya kamata a faɗe shi a fili gaban likita. Ɗinkin a jikin tsokar ciki ake yin sa, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa ga iyalinsu lafiya.

Bayan aiki, buhun da aka ɗinka yau ba a cika shi a jefa mota gobe. Amma ba a kuma naɗe shi a jefar a lungu. Ana so mutum ya tashi ya taka tun ranar farko ko washegari, domin kwanciya tana kawo nata ciwon. A sha ruwa sosai, a ci zogale da rama da miyar kuka da gwanda don kada bayan gida ya yi tauri. In tari ko atishawa ya zo, a dafe wurin da hannu ko matashi. A bar ciwon a bushe, kada a shafa masa toka ko man shanu. Ɗan kumburi da duhun fata a mara ko maraina na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, amma zazzaɓi, ko ja da zafin da ke ƙaruwa, ko ruwa mai wari, ko kasa fitsari, su ne ke mai da mutum asibiti nan take. Ƙaramin aiki yakan yiwu cikin mako ɗaya ko biyu, amma huɗa da dako da jan guga sai bayan mako huɗu zuwa shida, ko yadda likita ya ce. Wanda ya ƙosa ya saɓi buhu a mako na biyu, shi zai gane cewa sauri ya haifi nawa. Kuma tari da matsalar fitsarin da suka buɗe ƙofar tun farko, su ma a nema musu magani. Manomi mai dabara da rani yake shirya aikinsa, bayan amfani ya shiga rumbu, ya warke sarai kafin ruwan shuka.

Kawu yanzu shi ke yi wa sa'o'insa wa'azi a gindin darbejiya, yana ce musu ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da ke karanta wannan, in kana da kumburin da ke fitowa da rana ya ɓuya da dare, ko ka lura mahaifinka ko mijinki yana dafe mara in zai yi tari, kada a jira ranar da zai ƙi komawa. A kai shi asibiti tun yana tafiya da ƙafarsa.