Karatun Kullum, Guzurin Ranar Ba-zata

A 1932 aka fara buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Dakta Miller, ɗan mishan da ya daɗe a Zariya, shi ya yi mafi yawan fassarar. Har yau ’yan’uwanmu Kirista da yawa suna karanta shi kullum. Me suke ƙaruwa da shi?

Matsala ba ta sallama. In babur ya kifar da mutum a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, babu lokacin buɗe littafi. Abin da ya zauna a zuciya shi ke fitowa. Wanda ya saba da labarin Basamariye a Luka 10 zai tsaya ya tallafi mai rauni, ko bai san garinsu ba. Wanda ya riƙe yadda Yusufu ya yafe wa yayyensa a Farawa 45 zai fi iya haɗiye fushi ranar da aka yi masa ƙazafi a aji.

Sirrin kuwa maimaitawa ne. Mun ga haka wajen masu tilawar Alƙur’ani: abin da baki ya nanata kullum, firgici ba ya goge shi. Shi ya sa ayoyi biyar kowace safiya suka fi babi ashirin sau ɗaya a wata.