Bayani A Kan Yajin Gida Da Na Kanti, Wanne Ya Fi Araha

 Mas'alar da za mu yi bayani a kanta a wannan karo ita ce ta yaji. Ana yawan tambayarmu, shin wanda ya sayi kayan yaji ya kai gida aka daka masa, da wanda ya shiga kanti ya sayi na leda, wa ya fi tsira da kuɗinsa? Mu dai mutanen hatsi ne, amma citta da barkono hanya ɗaya suke bi da gero da dawa, a Dawanau ma ana cinikinsu, don haka lissafinsu bai ɓoye mana ba. Amsarmu ita ce na gida ya fi araha, amma da sharaɗi uku, wanda ya saki ɗaya ya faɗi.

Ku fara sanin inda kayan suke fitowa, domin nisan hanya shi ne rabin farashi. Citta mai yatsu daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kagarko da Jaba. Barkono da tafarnuwa namu ne na Arewa, tattasai kuwa har daga Diffa ta Nijar ake kawo shi. Masoro da kimba daga kurmi suke. Kanumfari kuwa baƙo ne, daga ƙetare yake zuwa, irin su Zanzibar da Madagaska da Indonesiya, shi ya sa farashinsa yake bin dala.

Haɗin yajin tsire da muka saba shi ne: garin ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 6, garin barkono 2, garin citta 1, sa'an nan masoro da kanumfari da gishiri a haɗa su su cika 1. Gwangwani 10 ke nan, kuma 6 daga ciki ƙuli ne, wanda yake cikin masu sauƙin kuɗi. Yajin daddawa kuwa, da na jego da ake yi wa mai haihuwa, babu ƙuli da zai cika su, citta da kimba da masoro da kanumfari suna da yawa a ciki, don haka kada wani ya auna tsadarsu da ta yajin tsire.

Sharaɗi na farko, a saya da kaka. Citta da barkono suna saukowa ne idan ruwa ya ɗauke aka shiga hunturu, lokacin da ake shanya. Wanda ya bari sai damina ta yi tsakiya sa'an nan ya je awo, ya saya ne a hannun wanda ya ajiye don riba. Kuma kowace shekara da nata lissafi. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, buhu ya ninka ninki ba ninki. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur aka saki farashin naira, kuɗin mota ya hau, kanumfari ya hau. Wanda ya riƙe lissafin bara a kansa ya sha mamaki.

Sharaɗi na biyu, a lissafa abin da ya tafi. Nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Mudun busasshen barkono, idan aka cire hancinsa aka tsince aka niƙa, garinsa ba ya kai rabin mudu, domin iska ce ta cika shi tun farko. Citta kuma tana barin zare a rariya. To, ka haɗa kuɗin kaya, da na ɗan dako, da na injin niƙa, da ladan mai tankaɗe, sa'an nan ka raba a kan garin da ya fito, ba a kan abin da ka auno ba. Wannan shi ne haƙiƙanin farashin yajinka.

Daga nan sai ka ɗauko na kanti ka duba nauyin da aka rubuta a jikinsa. Idan ƙaramar ledar kori ce mai giram 5, sai guda 200 suke cika kilo ɗaya, watau ka ninka kuɗinta sau 200. Dunƙulen Maggi mai giram 4, guda 250 ne kilo. Ka auna naka yajin a sikeli ka jera su. A nan za ka ga inda kuɗin yake tafiya: leda, da kwali, da talla, da ribar mai sari a kasuwar Singa, da ta mai kanti a unguwa. Ka kuma karanta jerin abin da ke cikin dunƙule, za ka tarar gishiri ne a sahun gaba, alhali gishiri yana cikin mafi arahar kayan miya.

Sharaɗi na uku, ajiya. Yajin da ya sha raɓa ya yi fumfuna, asara ce duka, kuma fumfunar gyaɗa da ta barkono tana da dafi mai taɓa hanta, wuta ma ba ta kashe shi. Don haka a shanya kaya su bushe ƙarau kafin niƙa, a zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a nesa da murhu. Mai ƙuli ba ya daɗewa, domin man da ya rage a ciki yana juyawa. Dabara ita ce a ajiye citta da masoro da kanumfari da ƙwayarsu, a riƙa dakan na wata ɗaya ɗaya, ƙamshi ya fi zama a ƙwaya.

Ba mu ce na kanti ba shi da rana ba. Mai cefanen yau da yau, wanda ba shi da jarin mudu, leda ɗaya ta fi masa. Tayim da kori kuma, ba a cika samun kayan haɗinsu cikin sauƙi a rumfunanmu ba. Amma mai tuƙuba, da mai tuwo-tuwo, da mai gida babba, da mai shirin biki ko suna, waɗannan hasara suke yi idan sun dogara da leda.

Abu na ƙarshe, ga masu sayar da dakakken yaji a ƙulle. Idan ka ga yajin da farashinsa ya yi ƙasa da kuɗin kayan da ke cikinsa, to an cika shi da gishiri ko garin masara, wani ma har da kala. Araha ba ta ado. Algus yana kawo ciniki na kasuwa ɗaya, ya kori mai saye na shekara goma. Ku auna, ku lissafa, ku faɗi gaskiyar abin da kuka haɗa. Allah ya ba da sa'a, ya sa a sayar da riba.